Yadda Za Ka Zama Masanin Tsuntsayen Teku Ko Da Tattabara Kaɗai Ka Sani

Ɗan'uwa, gyara zama. Matakai goma ne, kuma idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba ka tsallake ko guda ba, na ɗaukar maka alkawari cikin kwana tara Bature zai tsaya a gabanka da littafi da alƙalami yana rubuta abin da ka faɗa game da tsuntsayen teku. Ba sai ka yi makaranta ba, ba sai ka iya iyo ba. Ni mai gaya maka, Ɗan'azumi direba na unguwar Ammariyya, har na shekara talatin da huɗu a duniya tsuntsu uku na sani: tattabarar Harami, kaza, da shirwar da ke fizge wa mahauta hanji a bayan kasuwa. Amma a zafin shekarar 1388 ta Hijira na zaga tsibiran arewa na Bahar Maliya, can gaba da Yanbu, da sunana a takardar hukuma, an rubuta a gabansa "jagora masanin tsuntsaye", an buga hatimi. An jarraba hanyar nan ta yi aiki, sau ɗaya cikin sau ɗaya.

Mataki na ɗaya: Ka samo uwar da ba a yi mata musu

Kada ka fara da tsuntsu. Mai farawa da tsuntsu ba ya nisa, ran da rana ta gasa masa ƙeya zai tuna yana da gida. Kana bukatar abin da zai tura ka cikin jirgi ko da ba ka so, kuma ban san abin da ya kai uwa iya wannan aikin ba.

Tawa ita ce Hajiya Barakatu mai ƙosai. Ita da mahaifina sun taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, shekara shida suna hanya, su tsinci auduga a Sudan su ƙara gaba. A hanya aka haife ni. Ba su da takardu, sai suka shiga jirgin ɓoye wanda ya ce zai sauke su kusa da Yanbu su fara da ziyarar Madina. Mai jirgin ya hango na masu sintiri, ya zube su a wani tsibiri da salkar ruwa biyu, ya ce ga shi nan dawowa. Har yau yana dawowa. Kwana shida suka yi kafin masunta su tsince su, mutum bakwai ba su ga ranar ba, mahaifina na cikinsu. Ni ina goye a bayanta, watana takwas.

Bayan aikin hajjin bara ƙafafunta suka fara ƙi mata, ido ma ya soma hazo. Wata safiya tana surfa wake, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Kai wannan." Haka take kirana, don ni ne ɗan fari. "Shekara talatin da huɗu ke nan ba wanda ya yi wa Malam sallama. Ina so in ji an yi kafin in bi shi."

Mahaifina take nufi, kuma shi ke nan abin da ta ce. To amma ba a zuwa tsibiran nan sai da tasrihi, takardar izini ta masu gadin teku. Je ka ce musu kana neman kabarin mutumin da ya shigo ba takarda, a tsibirin da ba ka san sunansa ba, ka dawo ka ba ni labari.

Mataki na biyu: Ka samo Baturen da ya dace

Ba kowane khawaja ne, wato Bature, zai yi maka amfani ba. Ka nemi wanda idan kana tuƙa shi a hanyar Abhur zai buga maka kafaɗa ya ce "Waggif! Tsaya!" kamar ka taka mutum, ka ja birki hankalinka a tashe, ashe wani tsuntsu ne ya tsaya da ƙafa ɗaya a bakin ruwa.

Nawa sunansa Khawaja Halbo, injiniya a kamfanin da nake tuƙi. Ya ce shi ma ɗan tsibiri ne, can arewacin duniya gaba da Ingila, inda tsuntsaye ke rufe duwatsu har ba a ganin dutsen, kuma da bazara rana ba ta faɗuwa sam. Na tambaye shi yaya suke yi da magariba, ya ce ba sa yi, na ce to ai da sauƙi. Kullum akwai darbil rataye a wuyansa, wannan madubin hangen nesa mai ido biyu. Mutumin kirki ne, ba ya tsawa, ba ya hana salla, matsalarsa ɗaya ce kawai kuma mai fiffike ce.

Abin da ya fi muhimmanci, yana da tasrihi na kwana tara, nasa da na jagora guda, an bar gurbin sunan jagoran fari tas. Ka zuba wa wannan gurbin ido, kada ka bari wani ya riga ka.

Mataki na uku: Kada ka yi ƙarya, ka dai rage gaskiya

Zai tambaye ka da gurgun Larabcinsa, "Azumi, inta ta'rif ɗuyur? Ka san tsuntsaye?"

Kada ka ce e, kada ka ce a'a. Ka dubi nesa, ka sauke numfashi, ka ce, "Khawaja, tsibiran nan tun ina wata takwas nake zuwansu." Ka ga ba ka yi ƙarya ba. Bai tambaye ka sau nawa ka je ba, kai ma ba dole ne ka ce sau ɗaya ba.

Daga nan kayan aikinka uku ne. Na farko "hmm", mai tsawo, da gyaɗa kai. Na biyu nuni da haɓa, don yatsa yana nuna wuri takamaimai, ita kuwa haɓa tana nuna rabin sama. Na uku, idan ya tambayi tsuntsun da ba ka taɓa jin labarinsa ba, ka ce, "Lokacinsa bai yi ba." Duk tsuntsun duniya yana da lokacin da bai yi ba.

Kada ka gaya masa ainihin abin da zai kai ka. Takarda ta ce tsuntsaye, ba ta ce kabari ba, kuma Bature yana tsoron takarda fiye da yadda kake tsoron teku.

Mataki na huɗu: Ka nemi kwatance, amma kada ka sa rai

Ka durƙusa a gaban tsohuwa ka ce ta kwatanta maka wurin. Ga abin da ni na samu.

"Yashi ne fari. Babu itace ko ɗaya. Ruwa ta ko'ina."

"Inna, ai kowane tsibiri haka yake."

"To sai tsuntsayen nan masu rami."

Nan na sunkuyar da kai. Wannan labarin shekara talatin ana yi mana dariya da shi a unguwa. Wai a tsibirin akwai tsuntsu fari da baƙi, dogayen ƙafafu, yana haƙa rami a ƙasa kamar gafiya ya shige ciki, kowane rami ƙwai guda ɗaya ƙato. Ubale mai shayi, maƙwabcinmu, duk wanda ya zuba masa ƙarya a teburinsa sai ya ce, "Wannan kuma tsuntsun Hajiya ne." Ni kaina, Allah ya yafe mini, na ɗauka ƙishirwa ce ta nuna mata abin da babu.

Na ce, "Inna, don Allah ki bar maganar ramin nan, halas."

Ta miƙo hannunta na dama har kusa da hancina. "Wannan hannun na zura har kafaɗa na zaro ƙwan. Da shi na samu ruwan nonon da ka sha. Kai ne shaida, ka tsaya kana ce mini halas."

Ka karɓi kwatancen haka nan, ka yi godiya. Ka karɓi ƙullin yaji da soyayyen garin da za ta ba ka. Sannan ka yanke shawara a ranka cewa maganar rami ba za ta fita daga bakinka a gaban Bature ba, don kada a sauke ka tun a bakin gaɓa.

Mataki na biyar: Amai ma bincike ne

Kwana biyu za ku yi a mota zuwa Umluj, kuma wannan ne kaɗai ɓangaren tafiyar da ka san abin da kake yi, saboda haka ka more shi. A can za ku shiga sambuk, jirgin katako mai inji da filafilai. Namu na Rayyis Abdulghani ne, dattijon masunci, baƙi wuluk saboda rana, ba ya magana sai ta zama dole.

Jirgi na barin gaɓa cikinka zai fara juyawa. Kada ka ruɗe. Ka tafi gefe, ka kama katako da hannu biyu, ka leƙa ruwa da fuskar mai nazari. Idan Khawaja ya tambaya, ka ce kana duba kifi, don inda kifi yake nan tsuntsu yake. Ni yini ɗaya da rabi na yi ina duba kifi, har na ciyar da su.

Ladan wahalar shi ne kai za ka fara ganin komai. Ni na fara ganin abu salama, manyan dabbobin ruwan nan masu dogon baki, su biyar suna tsere da jirgi suna fitowa suna hura iska. Ni na fara ganin kunkurun teku mai faɗin faifai uku, ya ɗago kai ya dube ni, ya ga halin da nake ciki, ya koma abinsa. Khawaja ya buga mini baya ya ce idona kaifi gare shi. Na ce "hmm", don idan na buɗe baki fiye da haka ba magana ce za ta fito ba.

Mataki na shida: Ka raɗa wa kowa suna

Yanzu aiki ya zo. Za ku sauka tsibiri bayan tsibiri, tsuntsaye dubbai suna ihu a kanku, wasu su faɗo ruwa daga sama kamar an jefo dutse su fito da kifi a baki. Khawaja zai nuna ɗaya ya ce, "Wannan, me kuke ce masa?"

Ka ba shi da Hausa, ba shi da hanyar bincikawa. Fari dai balbelar teku ne. Mai kama kifi da ƙafa shirwar teku. Mai jakar baki kazar teku. Idan suka ƙare maka ka shiga dangi: ƙaramar balbelar teku, ƙanwar shirwar teku, baffan kazar teku. Zai rubuta duka, har ya tambaye ka inda ake sa wasali.

Abu ɗaya nake roƙonka, wanda ni ban yi ba. Ka riƙa tuna sunan da ka ba kowa. Bature ba ya mantuwa, littafi ne ke tuna masa. A rana ta huɗu ya buɗe shafi ya nuna mini tsuntsu guda mai jan baki da na raɗa wa suna uku a tsibiri uku. Na ce ai ya danganta da unguwa. Ya dube ni ta saman tabarau ya rufe littafin.

Wani abin kuma da ya lura da shi, duk inda muka sauka shi yana kallon sama ni ina kallon ƙasa. Nakan zaga tsibirin kaf ina duba duwatsu, ko zan ga waɗanda hannu ya jera. Ya ce, "Azumi, tsuntsu fog, a sama yake." Tsibiri shida muka taka ban ga komai ba sai ƙasusuwan kifi da bawon ƙaguwa. Kwanaki suna tafiya, kuma duk sallar da na yi sai in ga fuskar Inna tana jirana a ƙofar gida. Gaskiya tsoro ya kama ni, tsoron in koma in ce mata ban samu ba.

Mataki na bakwai: Idan asiri ya tonu, ka faɗi abin da kai ma ba ka yarda da shi ba

A rana ta biyar da hantsi Khawaja ya zaunar da ni a inuwar filafilai. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya ce, "Azumi, inta sawwag kwayyis, direba ne kai nagari. Amma tsuntsu, mafi, babu. Gobe mu koma Umluj, ka jira ni wajen mota."

Idan ka kai nan, "hmm" ta ƙare, haɓa ma ta ƙare. Gumi ya karyo mini. Na laluba kaina ban samu ko ƙarya guda da ta rage ba, sai tsuntsun Hajiya. Na ce a raina tunda an riga an kore ni, bari in tafi da abin dariya.

"Khawaja, ka san mai rami? Fari da baƙi, dogayen ƙafafu. Yana haƙa ƙasa ya shiga. Ƙwai ɗaya tak, ƙato."

Na jira dariya. Sai na ga alƙalami ya faɗi daga hannunsa. Ya zaro wani littafi mai hotuna, ya buɗe, ya dangwala yatsa a kan wani tsuntsu fari da baƙi mai kaurin baki. Ya ce shi ne, ƙaguwa yake ci, saboda shi ya nemi tasrihin nan tun farko. Ya sha ganinsa yana kiwo a bakin ruwa, amma shekara uku yana neman inda yake haƙa raminsa bai samu ba.

"Wa ya gaya maka ƙwai ɗaya ne?"

"Babban malamina," na ce. "Da hannunsa ya zaro."

Kunya ta rufe ni, ba ta Khawaja ba, ta tsohuwar da na ce wa halas.

Mataki na takwas: Ka tambayi mai riƙe da jirgin, tun ranar farko

Wannan matakin ya kamata ya zama na biyar, amma na ajiye shi a inda ni na yi shi, don ka ga yadda wauta take.

Khawaja ya ruga wajen Rayyis Abdulghani da littafin. Rayyis ya dubi hoton ya ɗaga kafaɗa ya ce teku da faɗi take. Ashe tun a Umluj an nuna masa hoton nan, amsar da ya bayar ke nan. Amma na ga yadda ya kawar da ido. Da Khawaja ya koma gaba, na matsa kusa da shi.

"Ya ammi, ka san wurin."

Ya rage murya. "Na sani. Ba na kai 'yan kallo can. Akwai mutane kwance, alhazai ne Takaru, mutanen ƙasarku, mahaifina yana cikin waɗanda suka kwaso sauransu. Ba wurin ɗaukar hoto ba ne."

Na ƙara matsawa. Na ce, "Ɗaya daga cikin na kwancen mahaifina ne. Jaririn da aka kwaso, ni ne."

Ya juyo ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa. "Kwana biyar kana amai a jirgina, ya waladi, ba ka iya buɗe baki ka faɗi wannan ba?"

"Na ji tsoron takarda."

"Takarda!" Ya tofar da yawu a ruwa, ya kira mutanensa. "Yalla, ku juya ta arewa."

Ka ga darasin. Na ɓoye sirrina da kyau ƙwarai, har na ɓoye shi ga mutum ɗaya tak a duk Bahar Maliya da ya san amsar.

Mataki na tara: Shiru, komai ya faru, shiru

Wannan ita ce babbar dokar masu kallon tsuntsu, kuma Khawaja ya maimaita mini ita sau bakwai kafin mu sauka. Tsuntsun nan matsoraci ne. Ba tari, ba atishawa, ba tsayuwa. Za mu ja ciki mu kwanta a gefen ramukan, mu lulluɓa da buhu, ni in riƙe masa akwatin gilasan kyamara, har sai ɗaya ya kawo wa ɗansa ƙaguwa a bakin rami ya ɗauki hoton. Na yi masa alkawari. Na ce a raina idan ya gama sai in zaga in nemi abin da ya kawo ni, don shi har yanzu bai san komai ba.

Gari na wayewa muka sauka. Yashi fari, babu itace ko ɗaya, ruwa ta ko'ina. Muka ja ciki kamar ƙadangaru har muka kai wani ɗan tudu, muka lafe a bayan wasu duwatsun murjani. Ga su nan kuwa, ɗaruruwa, fari da baƙi, suna shiga ƙasa suna fitowa, wani na watso yashi da ƙafa ta baya. Na ji kamar in yi kuka in yi dariya lokaci guda, na danne.

Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama. Rana ta hau, buhu ya zama tanda. Tunda ba ni da aikin yi sai na fara kallon duwatsun da ke gaban hancina. Na ga wannan yana bin wannan, wancan yana bin wancan, sun yi zobe mai tsawon mutum. Na ɗan ɗaga kai. Ga wani zoben a gefensa, ga wani. Bakwai, a jere, yashi ya cinye rabinsu, duk an daidaita su da alƙibla. Ashe awa biyu ina kwance a ƙafafunsu ban ce musu uffan ba.

A daidai lokacin Khawaja ya taɓa ni da gwiwar hannu. Wani tsuntsu ya sauka da ƙaguwa a baki yana takawa zuwa rami. Yatsan Khawaja yana kan maɓalli.

To ɗan'uwa, a nan ilmina ya ƙare. An haife ni an gaya mini ba a shiga wurin mutane ba sallama, balle a kwanta a gabansu kamar ɓarawo, balle kuma uba. Minti ɗaya kawai ake nema in ƙara, na san haka, amma jikina bai saurare ni ba. Na yaye buhun na miƙe tsaye, muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Assalamu alaikum, ya mutanen kabari! Assalamu alaikum, Baba!"

Tsibirin gaba ɗaya ya tashi sama. Ihu, fiffike, yashi. Khawaja ya zabura fuskarsa ja jawur, mutumin da bai taɓa yi mini tsawa ba. "Majnun! Inta majnun, mahaukaci! Shekara uku!"

Na nuna masa duwatsun da yatsa, wannan karon ba da haɓa ba. Na ce, "Abuya. Mahaifina."

Ya dubi duwatsun, ya dube ni, ya sake duban su. A hankali ya cire hularsa, duk da ranar nan. Can ya ce, "Wanne?"

Sai a lokacin na gane ban tambayi Inna ba. Duk tambayoyin da na yi mata, wannan ban yi ba. Na tsaya tsakanin kabari bakwai hawaye na zuba, ban san wanda zan durƙusa a gabansa ba. Don haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne na yi masa sallama, na yi masa addu'a cikakkiya, na gaya masa Barakatu tana gaishe shi, ko da shi ne. Rayyis da mutanensa suka sauko suka tsaya a bayana suna amin. Khawaja kuwa ya ajiye kyamara ya shiga tono duwatsun da yashi ya binne yana mayar da su layi, yana taka ƙasa a hankali don kada ya rufta wa kowa rami.

Tsuntsayen sun dawo bayan la'asar, ya samu hotonsa. Ban riƙe masa akwati ba, ya ce in zauna a jirgi, ya fi aminci.

Mataki na goma: Ka kai rahoto ga babban malami

Duk hanyar dawowa abu ɗaya ke cina. An aike ni wajen mutum ɗaya, na dawo ban san ko na same shi daidai ba. Na tarar da ita a tsakar gida a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, tana tsince wake da lalube. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi hanya, ta tambayi Bature, ta tambayi ko yajin ya isa. Ba za ta tambayi Malam da bakinta ba, sai dai ni in kawo.

"Inna, na je. Na yi sallama."

Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Amma ki yafe mini. Bakwai ne, ba suna, ba alama. Ban san nasa ba. Sai na bi su duka, kowa na yi masa daidai da na kowa."

Ta zubar da waken da ke hannunta. Sannan ta ce, "Na uku daga bakin ruwa. Ni na ɗora dutsen kansa."

"Inna! Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ba ka tambaya ba. Da ka tambaya ma ba zan faɗa ba." Ta share ido da gefen mayafi ta ci gaba da tsintar wakenta. "Shi yana da ɗa. Sauran shidan wa gare su? Da na gaya maka, da wajensa kaɗai za ka tsaya."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu direba ne, kuma ya koma tuƙinsa. Ba ruwansa da duk wanda ya bi matakan nan rana ta ƙone masa wuya, ko cikinsa ya juye, ko masu gadin teku suka tambaye shi bambancin balbelar teku da ƙanwarta. Idan wata rana ka ga littafin Turawa an rubuta cewa Hausawa suna kiran wani tsuntsu baffan kazar teku, ban san wanda ya gaya musu ba, kuma ba na nan ranar. Idan kuma ka fita neman uba ɗaya ka dawo da bakwai, kowace Juma'a kana yi musu addu'a alhali shida ko sunansu ba ka sani ba, kada ka zo ƙofata da ƙorafi. Wannan tsakaninka ne da mahaifiyarka.